Kafin mai rubuta manhaja ya kama haya a girgijen intanet

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan bayanin da ya fito a shafinku na fasaha game da inda ya dace mai rubuta manhaja ya ɗora shafinsa na intanet. Marubucin ya yi ƙoƙari, sai dai ya nuna kamar duk wanda ya kama hayar kwamfutoci a girgijen intanet, wato a wurin kamfanoni irin su Amazon ko Microsoft ko Google, ya yi sallama da matsalar cunkoso, kuma a nan ne na ga akwai gyara.

Gaskiya ne cewa tun da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci ta intanet a 2006, Google ya shigo a 2008, Microsoft kuma ya buɗe Azure a 2010, an huta da sayen injuna tun ba a san yawan mutanen da za su zo ba. Yanzu mutum yana iya gindaya sharaɗi cewa idan aiki ya yi wa kwamfuta ɗaya yawa a tayar da ta biyu da ta uku, idan jama'a sun watse a kashe su. Amma wannan tsari ba ya gyara manhajar da aka gina a karkace, kuma ni ganau ne. Ranar da muka buɗe rajista a wani shafi da na rubuta, mutane suka yi ca a kansa cikin 'yan mintuna, kwamfutoci suka ƙaru daga biyu zuwa takwas kamar yadda na tsara, amma sai shafin ya ƙara nauyi. Da na bincika sai na tarar kowace sabuwar kwamfuta tana buɗe nata hanyoyin zuwa rumbun bayanai guda ɗaya, alhali PostgreSQL, manhajar da ke riƙe da rumbun, matuƙar ba a taɓa saitinsa ba, haɗi 100 kawai yake karɓa a lokaci guda. Hotunan da masu rajista suka ɗora kuwa, da yake na bari ana ajiye su a cikin kwamfutar da ta karɓe su, da aka kashe ta sai suka tafi tare da ita. Kamfanin ya yi abin da na umarce shi ne, laifin nawa ne.

Batun kuɗi ma marubucin ya bi ta kansa da sauri. Yawancin kamfanonin nan ba sa karɓar komai idan kana shigar da bayanai, wajen fitar da su ne ake biya, don haka shafin da ke cike da hotuna da bidiyo yana iya cin kuɗi a wannan fanni fiye da hayar kwamfutocin kansu. Haka nan wanda ya bar ƙarin kwamfutoci babu iyaka, idan wasu suka yi wa shafinsa ruwan buƙatun bogi cikin dare, da safe zai tashi da bashi, domin saƙon gargaɗin da ake saitawa sanarwa ce kawai, ba ya tsayar da kashe kuɗin.

Nisa shi ma abin dubawa ne. Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi, wato idan cibiyar da kwamfutocin suke tana da nisan kilomita 5,000 daga masu amfani da shafin, kowace zuwa da dawowa ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa ba, komai ƙarfin injin.

Tambayar da na fi so sabon shiga ya yi wa kansa ita ce yaya zai kwashe kayansa ranar da zama ya ƙi. A watan Nuwamba na 2022 Heroku, wani kamfanin da ke ba da hayar wurin ɗora manhaja, ya rufe tsarinsa na kyauta, kuma waɗanda suka riga suka naɗe manhajarsu a cikin Docker, wato tsarin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, sun fi samun sauƙin ƙaura. Ba ina cewa kowa ya rungumi Kubernetes, tsarin da ke sarrafa irin waɗannan ƙunsoshi masu yawa, ba ne, domin ga mutum ɗaya mai ƙaramin shafi wahalar kula da shi ta fi amfaninsa. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wata cibiyar kwamfutoci ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, inda wasu suka yi asarar bayanansu saboda kwafin da suka ajiye yana wuri ɗaya da na asalin.

Saboda haka nake roƙon marubucin ya dawo da kashi na biyu, ya nuna wa masu karatu yadda ake ajiye kwafin rumbun bayanai a wani yanki dabam, da yadda ake gwada dawo da shi tun ana zaune lafiya.

Naka,
Mai karatu a kullum