Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Sauraron Kiɗa da Waƙa, Katsina

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa mambobi. Ga abin da muka gudanar a bana, kamar yadda kwamiti ya ɗora wa sakatare ya rubuto.

Zaman Asabar ɗin ƙarshen wata ya ci gaba bayan La'asar, in ban da watan azumi da muka ɗage shi. Tsarin yana nan yadda kuka san shi: wanda ya gano wani faifai da ya kasa rabuwa da shi ya kawo, a sa daga farko har ƙarshe ba tsallake, sannan a buɗe baki. Matasanmu da suka saba latsa waya su wuce sun yi ta ƙorafi kan wannan sharaɗi. Kwamiti ya saurare su, amma bai janye ba, kuma a ganina ya yi daidai.

Faifan da ya fi zagaya wayoyinmu shi ne Talking Timbuktu, wanda Ali Farka Toure na Mali ya yi da Ry Cooder na Amurka a 1994, ya kuma ci kyautar Grammy. Wani malamin makaranta ne ya kawo shi. Da farko dattawa shiru suka yi, sai da aka zo inda Ali Farka ya ajiye jita ya ɗauki njarka, 'yar gogensa mai tsirkiya ɗaya, wani Baba ya gyara zama ya ce ai wannan ɗan'uwan kukuma ne. Babu mai jin Sonrai ko Bambaranci a cikinmu, amma har Magariba ana gardamar ko kiɗan ya fi kusa da na Garba Supa. Afrique Victime na Mdou Moctar, ɗan Nijar mai kaɗa jita da hagu, wanda ya fito a 2021, shi kuwa raba ɗakin ya yi: samari na neman a ƙara sauti, manya na cewa kunnensu ya gaji.

Babban aikin bana dai na kaset ne. Ɗaya daga cikinmu ya gaji kwali guda daga mahaifinsa, cike da Shata, Barmani Choge da Ɗanmaraya Jos. Wasu zaren ya yi funfuna, wasu ya tsinke, sai da aka riƙa naɗe su da biro ana liƙawa da jan farce kafin a juye su cikin kwamfuta. A nan muka ji waƙar Shata guda a kaset biyu, baitoci daban, 'yan amshi daban, har saurin kalangun ba ɗaya ba, domin yawanci a wurin biki ake ɗauka, shi kuma nan take yake ƙirƙira. Duk mun adana, ba mu zaɓi ɗaya ba. Wannan ne ya kai mu ziyara Daura, inda aka binne Shata a 1999, muka yi masa addu'a.

Abin da aka juye na sauraro ne tsakaninmu. Kada a kai shi wurin masu turi a kasuwa.

Batun kuɗin wata ba daɗin faɗa. Da yawa ba su biya ba tun bayan Babbar Sallah, shi ya sa har yau lasifikar aro muke amfani da ita, rediyon kaset ɗin ma bel ɗinsa ya saki. Ma'aji zai karanta lissafi a zama mai zuwa, a ranar kuma za a yi zaɓen sabon kwamiti. Mai tsohon kaset a gida ya taho da shi, ko da ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Sakatare, a madadin kwamiti