Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinar Lafiya ta Jihar Kaduna kan Masu Minshari da Ake Yi wa Tiyata

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan jinya ne da ke kula da marasa lafiya kafin tiyata da bayanta a nan Kaduna. Mun rubuto ne kan wani haɗari da ke zuwa bayan an gama aiki lafiya, an ɗinke, dangi sun yi hamdala: toshewar numfashi a cikin barci.

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki. Mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, harshensa da ganɗarsa sukan zame baya su rufe hanyar iska. Ƙirji na ɗagawa, ciki na motsi, amma ba abin da ke shiga. In haka ta kai daƙiƙa 10, an ƙirga tsayawar numfashi guda, wanda kuwa yake yin 30 ko fiye a awa ɗaya, tasa ta yi tsanani. A gida ƙwaƙwalwarsa ce ke cetonsa: da oksijin ya yi ƙasa sai ta zaburar da shi, ya ja numfashi da ƙarfi, ya juya, ya koma minsharinsa. Wannan zaburar ce magungunanmu suke dannewa. Ragowar maganin barcin tiyata, da magungunan rage ciwo masu sa maye irin su pentazosin, da petidin ko mofin ko tiramadol, balle a ɗora dayazefam ko furometazin a kai wai don ya samu barci. Sai a ji minshari ya ɗauke, mai jinya ta ce Alhamdu lillahi ya samu hutu, ta ja masa bargo.

Akasarin masu wannan larura ba su san suna da ita ba, kuma gwajin barci na dare guda ba kowa ne zai same shi kafin ranar aiki ba. Amma akwai tambayoyi takwas da ake kira STOP-Bang, waɗanda likitoci a Toronto ta Kanada suka fitar a 2008. Yana minshari mai ƙarfi? Yana yawan gajiya da gyangyaɗi da rana? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya yana barci? Yana da hawan jini? Ma'aunin ƙibarsa, wato nauyi da kilo a raba shi da tsayi da mita sau biyu, ya haura 35? Ya wuce shekara 50? Kaurin wuyansa ya kai sentimita 40? Namiji ne? Kowace "e" maki ɗaya ce. Daga 0 zuwa 2 haɗarin kaɗan ne, 3 zuwa 4 matsakaici, 5 zuwa 8 babba. Kayan aikin duka sikeli ne da tef irin na tela. Sai dai tambayar minshari ba mara lafiya ake yi wa ita ba, don babu mai jin minsharin kansa. Matarsa ake tambaya, ko wanda suke kwana ɗaki ɗaya. In mace ce, a keɓe a tambaya, don da yawa za su ce a'a saboda kunya muddin akwai mutane a wurin.

Roƙonmu na farko ke nan: ma'aikatarki ta ba da umarni a buga tambayoyin nan a takardar shirin tiyata ta duk asibitocin jiha, a kuma sa alama a bangon fayil da kan gadon duk wanda ya samu 5 ko fiye, a faɗi makinsa da baki a duk lokacin miƙa aiki. Mai ba da maganin barci in ya sani tun da wuri, zai iya zaɓar allurar baya ko kashe wurin aikin kaɗai inda hakan zai yiwu, ya kuma tanadi kayan buɗe hanyar iska.

A ɗakin farfaɗowa, irin wannan mara lafiya ba ya kwanciya rigingine. A ɗaga kan gado kamar digiri 30, ko a kwantar da shi ta gefe in aikin bai hana ba. Abu huɗu ake tsaro, rabin awa bayan rabin awa: oksijin ya sauka ƙasa da kashi 90, numfashi ya gaza 8 a minti, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10, sai kuma na huɗun da ya fi yaudara, wato mutum yana kukan ciwo ya yi tsanani amma idonsa na rufewa kafin ya ƙarasa maganar. Wannan in an ƙara masa allura an jefa shi rami. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya maimaitu masa, bai dace a tura shi gadon ƙarshen ɗaki ba. Gadonsa kusa da teburin nas, da na'urar auna oksijin a yatsa dare da rana, mai ƙara idan ya sauka. Kuma kafin ya bar ɗakin farfaɗowa, a gwada shi ba tare da oksijin ba, a bar shi shiru har ya yi barci. Wanda ake ta yi wa magana ana jijjiga shi, lambarsa za ta yi kyau ko da hanyar iskarsa ba ta da tabbas.

Na'urar yatsa ma tana da nata ruɗin, kuma a nan ne ƙwarewar nas take. Wanda aka sa wa oksijin a hanci na iya nuna 97 alhali numfashinsa ya ragu, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsa, har sai ya kasa tashi. Saboda haka dole a ƙirga numfashi da ido, cikakken minti ɗaya, kafin a taɓa shi, sannan a tashe shi a ga yadda zai amsa. Bincike a Amurka a 2020 ya nuna na'urar takan ƙara wa baƙar fata lamba, don haka 92 a wurinmu ba abin sakin jiki ba ne. Yatsa mai sanyi da baƙin lalle su ma suna rikita ta.

In an tarar ba ya tashi, a kira taimako, a ɗaga haɓa, a turo muƙamuƙi gaba, a sa robar buɗe hanyar iska, a taimaka masa da jakar hura numfashi da oksijin. Nalokson kuwa, wato allurar da ke karya ƙarfin mofin da ire-irensa, kwalbar miligiram 0.4 ake tsinkawa ta zama mililita 10, a riƙa ba da mililita ɗaya ta jijiya duk minti ɗaya zuwa biyu har numfashi ya dawo. In an zuba duka lokaci guda, ciwo zai taso masa gaba ɗaya, jini ya hau. Kuma ƙarfinsa na iya ƙarewa cikin awa ɗaya alhali mofin na nan a jiki, don haka ba a tafiya a bar shi. Muna roƙon hukumar samar da magunguna ta jiha ta ɗaure nalokson da waɗannan allurai: duk ɗakin da aka ba pentazosin, a ba shi nalokson, a ajiye inda nas ɗin dare za ta kai hannu ba sai an nemo mai makulli ba.

Rage ciwo bai tsaya ga allura mai sa maye ba. Parasitamol giram ɗaya duk awa 6 ga babba, a kan lokaci ba sai an yi kuka ba, da diklofenak ga wanda ƙodarsa da cikinsa ke lafiya, suna rage buƙatarta sosai.

Mutane suna ɗauka daren farko ne kaɗai abin tsoro. Barcin mafarki, wanda naman maƙogwaro ya fi saki a cikinsa, yakan ɓace a daren farko da na biyu, ya dawo da ƙarfi wajen dare na uku zuwa na biyar, lokacin da an cire na'ura, wani ma an sallame shi. Shi ya sa mai jinya take buƙatar bayani da Hausa: kada ya kwana rigingine, kada a sayo masa maganin barci a kemis, in minshari ya yanke ƙirji na fama ko leɓe ya canza launi a tashe shi a kira nas. Mai na'urar CPAP a gida, wato mai hura iska ta buɗe maƙogwaro lokacin barci, ya zo da abarsa, a ba shi gadon da ke da soket da ke kan layin janareta ko sola.

Yara ma suna ciki, musamman masu kumburin tonsil, wato tsokar gefe biyu na maƙogwaro, da naman bayan hanci, da masu sikila. Tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara kodin bayan cire tonsil, saboda mace-macen da aka samu.

Muna ba da shawarar a fara da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, a horar da nas-nas na ɗakunan tiyata rukuni-rukuni, Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta jiha kuma ta sa darasin cikin na ɗalibanta. Sannan a duba yawan masu aikin dare a ɗakunan da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aiki, domin ƙirga numfashi minti guda-guda sai da mutum a tsaye a gefen gado.

Allah ya taimaki Kwamishina, ya yi riƙo da hannunki.

Naki cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan jinya na sashen tiyata, Kaduna.