Zuwa ga ɗana, kan jagorancin addu'ar Lahadi

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafin bazara. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce ƴan'uwa ƴan Katolika na garin da aka tura ka koyarwa sun roƙe ka ka riƙa ja musu gaba a addu'ar Lahadi duk ranar da Fada, wato firist, bai samu zuwa ba, kuma an kira ka Maradi horo, amma kana ganin ba dole ba ne ka je, tun da a gindin bagade ka tashi, kana yi wa Fada hidima a majami'a. Na ji daɗin amanar da suka ba ka. Batun ƙin zuwa horon kuwa ban yarda da shi ba, shi ya sa na zauna na rubuto maimakon in kira ka a waya.

Yaron bagade ya san lokacin durƙusawa da lokacin kaɗa ƙararrawa, ba mai tambayarsa dalili. Kai za a tambaye ka. Tsohuwa za ta tare ka bayan addu'a ta ce me ya sa yau ba a ba ta Jibin Ubangiji, wato keɓaɓɓiyar gurasa, ba. Mai koyon addini zai so ya san abin da ya sa aka canja launin mayafin bagade. In ba ka da amsa za ka ƙaga, abin da ka ƙaga kuwa shi za su riƙe su koya wa ƴaƴansu, domin ba su da wani kusa da zai gyara. Tun 2001 da aka kafa diyosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop ke kula da shi, Monsinyor Ambroise Ouédraogo ya zama bishop ɗinta na farko, ƙasarta ta haɗa Maradi, Tawa, Agadas, Damagaram da Diffa. Ka dubi wannan faɗin, ka dubi ƙarancin firistocinmu. A irin garinku, bakinka ne za su fi ji.

Abu na farko da za a koya maka shi ne iyakarka. Taron da za ka jagoranta ba Hadaya Mai Tsarki ba ce, wato babbar sujadar da firist kaɗai ke jagoranta, kada ka bar kowa ya ɗauka ita ce. Babban taron Batikan na Biyu, a takardarsa kan sujada ta 4 ga Disamba 1963, ya ƙarfafa a riƙa taruwa a kan Maganar Allah inda babu firist, a 1988 kuma Roma ta fitar da ƙa'idojin yin haka. Ba za ka zauna a kujerar Fada ba. Ba za ka sa tufafinsa ba. Addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi ba taka ba ce, ko da ka haddace ta kalma da kalma. A ƙarshe ba za ka ɗaga hannu ka sa wa jama'a albarka ba, za ka roƙa muku ita gaba ɗaya, kai ma a ciki. Raba Jibin da aka riga aka keɓe ma sai da izini. Na san zuciyar saurayi, in mutane suka fara ce masa malam sai ya so ya ƙara wani abu nasa. Ka yi hattara da wannan. Jama'ar da ta saba da ɗan boko mai kwaikwayon firist takan daina jin ƙishin Hadayar kanta, alhali aikinka shi ne ka rayar da wannan ƙishin har ranar da Fada zai iso.

Sai karatu, nan ne na fi son ka ba da ƙarfinka. Waccan takarda ta 1963 ta koyar cewa in ana karanta Nassi a cikin taron ikilisiya, Almasihu da kansa ne yake magana. Wanda ya gaskata wannan ba zai buɗe littafi a gaban jama'a ba tare da ya duba shi tun daren Asabar ba. Ka karanta da murya a ɗakinka, ka san inda za ka ja numfashi, ka warware sunayen da ke harɗe harshe. Karatun Lahadi ba zaɓin kowa ba ne. An tsara shi shekara uku: ta farko Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman a Azumi da kwanakin Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu. Karatun farko, wanda yawanci daga Tsohon Alkawari yake, an ɗauko shi ne don ya yi wa Bisharar ranar share fage, Zabura kuma amsar jama'a ce gare shi. In ka gano zaren da ya ɗinke su, bayaninka na minti biyar zai wadatar. In ba ka gano ba, ko ka yi rabin awa surutu ne. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Ka kuma lura da waɗanda ke gabanka. Ikilisiyarmu a ƙasar nan gauraye take: ga ƴan ƙasa, ga mutanen Benin, Togo, Burkina da Nijeriya. Ku ƴan lakkol Faransanci ya fi muku sauƙi a baki, amma matar da ke zaune a tabarmar baya da goyo ba ta jin sa. Tun da aka buɗe ƙofar yin sujada da harsunan mutane, ba dalilin da zai sa ta koma gida hannu wofi. Ka karanta Bishara da harsuna biyun, Hausar kuma ka ba ta haƙƙinta, kada ka yi mata karatun gaggawa kamar wanda ake kora. Bayan karatu ka bar ɗan shiru. Matasa suna tsoron shiru, suna cike shi da waƙa, alhali shi ma ɓangaren sujada ne.

Zagayen shekara da launin mayafin bagade ba za su yi maka wuya ba: Lahadi huɗu na jiran Kirsimeti da kwana 40 na Azumi da shunayya, lokacin Kirsimeti da kwana 50 na Ista da fari, Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, da ja, sauran makonni da kore. Ka rubuta ka manna a bango, yara su gani.

Akwai abin da nake so ka koya daga maƙwabtanmu Musulmi. Ka ga yadda yaro a makarantar allo ta unguwarmu yake maimaita aya har ta zauna masa, da yadda babba yake barin ciniki in lokacin salla ya yi. Suna kallon yadda muke riƙe ibadarmu, kuma da shi suke auna mu. Ka sa yaranku su haddace addu'ar Ubanmu, da Na Gaskata, wato shaidar bangaskiya, da Zaburar makiyayi, ta 23. Ba ka manta 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan. Littattafai sun tafi da wutar. A makonnin da suka biyo baya, waɗanda addu'o'in ke cikin kansu su ne suka riƙe sauran. Ban faɗi wannan don in tayar maka da ɓacin rai ba, ka san akwai Musulmin da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu a ranar.

A 2021 Paparoma Faransis ya mai da aikin katikis, wato mai koyar da addini, hidima tabbatacciya a ikilisiya, a Yunin 2022 kuma ya rubuta wasiƙa sukutum a kan koyar da jama'a ma'anar sujada. In Paparoma ya ga har firistoci suna bukatar wannan koyon, ɗan shekara ashirin da ƴan kai bai wuce shi ba.

Don haka ka nemi izini wurin shugaban makarantarku tun da wuri, ka je. Ka tafi da littafin rubutu, ka yi tambaya ko da kana ganin ta yara ce. Na aika maka kuɗin mota ta hannun ƙanenka. Kawunka na Maradi ya san da zuwanka, a gidansa za ka sauka. In ka taso ka biyo ta gida ka kwana, innarka ta ajiye maka kilishi da ƙuli-ƙuli, ni kuma ina so ka zauna ka karanta mini abin da aka koya muku.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Babanka