Ba taurin kai ne ya kashe mutanen Durban ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, har yanzu ban huce ba. Baƙon nan naku ya buɗe baki ya ce waɗanda ambaliyar ruwa ta ci a Durban ta Afirka ta Kudu masu taurin kai ne da suka yi gini a kan hanyar ruwa, mai gabatarwa kuma bai ce masa uffan ba.

Ni ina garin a daren 11 ga Afrilun 2022. Cikin azumi ne. Mun idar da asham ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, tsawa na girgiza tagogi, muka kwanta da tunanin zai ɗauke kafin sahur. Wajen ƙarfe biyu na sauko da ƙafata daga gado, sai na ji ta cikin ruwa mai sanyi har gwiwa. Na saɓa 'yata a wuya, matata ta ƙulle takardunmu a leda, muka fita cikin duhu muna lalube.

Akwai wata dattijuwa Bazuluwa a saman unguwarmu, wadda kullum sai ta tsaya mun gaisa. Gidanta na bulo da siminti ne, a kan tudu, babu ko rafi kusa da shi. Ƙasar ce ta sha ruwa ta ƙoshi, gangaren ya zame gaba ɗaya ya rufe ta da jikanta. Da shebur biyu da hannuwanmu muka yi ta tono har rana ta take. Malam, wane taurin kai wannan baiwar Allah ta yi?

Fiye da milimita 300 na ruwa ne ya sauka a wasu wurare cikin awa 24, a garin da duk tudu ne da kwari, ga Tekun Indiya a gefe yana turo danshi. Mutum sama da 400 suka rasu. Masana'antar Toyota da ke Prospecton, da duk kuɗinta da injiniyoyinta, ruwa ya shanye ta, ta yi watanni a rufe. Kwantenoni sun tarwatse kamar kwalin ashana. Sai da Shugaba Ramaphosa ya ayyana dokar bala'i a ƙasar baki ɗaya. To, mai ɗakin kwano a unguwar uMlazi da ke bayan gari shi zai tare wannan?

Waɗanda kuma ke zaune a bakin koguna, ai ba marmari ya kai su ba. Dokokin wariyar launin fata ne suka kore baƙar fata zuwa bayan gari tun shekarun 1950, yau kuma kuɗin haya ya hana su matsowa. Wanda bai san wannan ba, kada a ba shi makirufo ya yi magana a kan gawar mutane. Ku dawo da shi ya janye maganarsa, a cikin shirin da ya faɗe ta.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin kanun labarai. Ta waya muke saurare, yana danne muryar mai karatu, rabi ba ma ji.

Naku mai sauraro,
daga Durban, Afirka ta Kudu.