A sa wa motocin haya lokacin tashi daga Sakkwato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kuka kan abin da ke damun mu matafiya daga Sakkwato, wato jiran mota ta cika.

Watan jiya na raka mahaifiyata Zariya ganin likita. Ana sallame sallar asuba muka hau kabu-kabu biyu zuwa wata tasha. Mun tarar da Sharon da mutum biyar a ciki, kowa da jaka a cinya. Ɗan kamasho ya karɓi kuɗinmu yana cewa, "Hajiya ku shiga, mutum guda yar rage." Ba a jima ba na gefen taga ya ce zai kama ruwa, bai dawo ba. Na baya ya fita amsa waya. Ashe uku daga cikinsu ba matafiya ba ne, an zaunar da su ne don a ja fasinja. Ba mu ɗaga ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kusan sha ɗaya, tsohuwa ƙafafunta sun kumbura tun ba mu kai Shuni ba.

A da, wannan ɓata lokaci ne kawai. Yanzu maganar rai ce. Daga Sakkwato zuwa Gusau ya haura kilomita 200, ga ramuka, ga shingayen bincike, ga wuraren da ake aikin hanya. Duk direba ya san bai kamata magariba ta riske shi tsakanin Tsafe da Funtuwa ba saboda 'yan bindiga. To wanda ya tashi a makare me zai yi? Gudu. Namu tun daga Tureta ya take mota, mutum biyu a kujerar gaba, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da igiya. Da na ce ya sassauta, sai ya ce, "Malam, ko in yi gudu ko mu kwana Gusau, zaɓi guda." Na rasa amsa. Mahaifiyata kuwa carbi take ja har muka shiga Funtuwa.

Ban ɗora wa direbobi laifin duka ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kujera ɗaya in ta tafi babu kowa, ribar ranar ce ta tafi. Mu kuma ba mu da mafita: layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya, bai taɓa isowa Sakkwato ba, jirgin sama kuma ba na talaka ba ne.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da gwamnatin jiha: motocin da ke bin hanyar Gusau a sa musu lokaci, a rubuta a allo a bakin tasha. Ta ƙarfe shida, ta bakwai, ta takwas. In lokaci ya yi ba ta cika ba, a haɗa fasinjojin motoci biyu a ɗaya maimakon kowane layi ya riƙe nasa. A kuma hana zaunar da fasinjan ƙarya, domin yaudara ce. Ni dai na yarda a ƙara mini wani abu a kuɗin mota in har na san ƙarfe bakwai za mu tashi. Likita ya ce mu koma bayan wata biyu, kuma wannan hanyar za mu sake bi.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato