Kwalara matafiyiya ce, ku faɗa wa jama'a inda take sauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi ƙorafi a kan yadda ake kawo mana labarin kwalara. Duk damina labarin iri ɗaya ne: amai da gudawa ya ɓulla a ƙaramar hukuma kaza, mutum kaza sun rasu, an tura magani. Daga nan sai a yi tsit, sai baɗi kuma. Shi ya sa da yawanmu suka ɗauka ciwo ne da ke faɗowa tare da ruwan sama.

Alhali kuwa cutar tafiya take yi, mutane take bi. Daga yankin Bengal, inda kogin Ganges ke shiga teku, ta fara bazuwa cikin duniya a 1817. Zagaye bakwai ta yi. Na bakwai, wanda har yau ba mu fita cikinsa ba, ya taso daga Indonesiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma a shekarar ya shigo Najeriya. Ashe kakanninmu ma ba tare da ita suka tashi ba.

Abin da ya faru a Haiti ya fi tsaya mini a rai. Ƙasar ta daɗe ba ta san kwalara ba, sai a Oktoban 2010, 'yan watanni bayan girgizar ƙasa, ƙazantar bayan gida daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ta shiga kogin da jama'a ke sha. Kusan mutum 10,000 suka rasu. Sai a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi afuwa. A Yemen kuma yaƙi ne ya lalata famfo da asibitoci, kafin ƙarshen 2017 waɗanda ake zaton sun kamu sun kai miliyan ɗaya. Ƙwayar cutar takan shiga Turai ma a cikin matafiya, amma ba ta samun wurin zama, saboda bayan gidansu ba ya haɗuwa da ruwan shansu. Tun 1854 likita John Snow ya gano cewa famfo guda ne ke kashe mutanen wata unguwa a Landan.

Mu fa? A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, akasari a Arewa. A shekarar muka binne yaron maƙwabcina. Da asuba ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, kafin magariba ya cika, iyayensa na ta jiran ya lafa. Rijiyar gidan taku kaɗan ne tsakaninta da masai, kuma har yau a nan take.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku kawo adadin mamata, ku tura wakilinku ya ga inda 'yan garuwan unguwar ke ɗibar ruwa. Ku kuma riƙa buga haɗin ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba mara lafiya tun a kan hanyar asibiti. Ku fara bugawa tun watan Mayu, kafin kwatoci su cika.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano