Sau Huɗu Gareji Ɗaya, Yanzu Sai Gaban Alƙali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya.

Ni malamin firamare ne a Daura, ina da wata tsohuwar Golf da nake lallaɓawa. Bayan ƙaramar Sallah ta fara zafi, na kai wa wani bakanike. Ko murfin bai gama ɗagawa ba ya ce lagireto ne. Aka canza. Kwana tara bayan nan, dab da Mashi a hanyar Katsina, allura ta hau ja, tururi ya turnuƙe, ga Hajiyata a baya za mu ganin likita. Jarkar ruwan wani mai shayi ce ta kai mu gari.

Na koma, ya ce gaskit. Zuwa na uku ya ce kan injin ne, sai an sayo a Ƙofar Ruwa, Kano. A na huɗu na tafi da wani abokina direba, ya shafa yatsa ya nuna mini wani tsohon tabon walda. Kan injina ne, aka wanke da fetur aka mayar. Naira 310,000 ke nan sun sha ruwa.

Na kai kuka ga shugaban kanikawa, ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ƙarfe ne." 'Yan sanda suka ce ba hurumin su ba ne. Na fito ina huci, ashe suna da gaskiya: dokarsu ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya.

Wani tsohon ɗalibina lauya ne ya ce mini dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce wanda ya yi maka aiki ya ɓata, ko dai ya gyara ko ya mayar da kuɗi gwargwadon ɓarnar. Har na fara murmushi, sai ya ce, "To Malam, ina rasit?"

Ina zan samo? Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci, kunya ta hana ni cewa ya rubuta. Abin da ke hannuna alat biyu ne na kuɗin da na tura masa ta banki, sauran duk hannu da hannu na ba shi.

Duk da haka na shigar da ƙara a kotun majistare, an kai masa sammaci. Direban ya yarda zai ba da shaida. Motar kuwa tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, lauyan ya ce kada kowa ya taɓa ta, ni kuma na koma hawan acaɓa.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Daura.